Kundin aikin rage wutar kwamfaresa a mahaƙa

13 ga Janairu

Yau aka damƙa mini aikin. Umarnin layi ɗaya ne a takarda: a rage wutar da injinan matsa iska, wato kwamfaresa, ke ci, amma kada tan ɗaya na dutsen da ake fitarwa ya ragu. Kashi na farko ko yaro zai iya, ya je ya kashe inji biyu ya dawo ya zauna. A kashi na biyu aikin yake.

Bari in rubuta abin da na tarar, don nan gaba in san daga ina aka tashi. Ɗakin kwamfaresa yana sama, kusa da bakin rijiyar shiga. Manyan injina huɗu ne, irin masu farfela mai juyawa da gudu, kowanne yana matsa iska hawa uku, da na'urar sanyayawa tsakanin hawa da hawa. Uku suna aiki dare da rana, na huɗu yana zaman ko-ta-kwana. Babban bututu ya bi rijiya ya sauka, a kowane mataki reshe ya ɓalle ya nufi wuraren aiki. Masu shan iskar su ne injinan huda dutse, silindodin da ke buɗe bakin akwatunan lodi, shebur mai aiki da iska, tankunan laka da ake hura wa iska don kada lakar ta kwanta, sai ɗakunan mafaka, inda ma'aikata ke fakewa in gobara ta tashi.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka iska kyauta ce. Ka ɗauki iska mai zafin digiri 27 ka matsa ta lokaci guda har gejin auna matsi ya nuna bar 6 (bar ma'aunin matsi ne), ba tare da sanyayawa ba, za ta fito da zafin kusan digiri 250. Wannan zafin wutar lantarki ce da aka biya kuɗinta, ruwan sanyayawa kuma shi ke kwashe shi ya watsar. Kafin a zo bakin injin huda, abin da ya zama aiki mai amfani bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na wutar da aka ja ba.

Duk da haka ba a rabu da ita ba, kuma da dalili. Injin huda na iska ba ya jan mutum a wuri mai ruwa, yana jure duka da ƙura, fita ɗaya, wato makanikin gyara, da sifana biyu sun isa su gyara shi. Tun aikin ramin jirgin ƙasa na Fréjus tsakanin Faransa da Italiya, wanda aka fara a 1857 aka buɗe a 1871, inda Germain Sommeiller ya sa injinan huda na iska, masu fasa dutse suke tare da ita.

20 ga Janairu

Jiya Lahadi, ba huda, ba lodi. Na wuni a ɗakin kwamfaresa ina kallon mitar da ke auna gudun iska, ina jiran allurar ta faɗi ƙasa. Ba ta faɗi ba. Ta tsaya sama da rabin abin da take nunawa a tsakiyar aikin huda na ranar mako. Na tambayi mai kula da injinan ko mitar lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Injiniya, tun da na zo nan haka take."

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta daɗe tana cewa a masana'antar da ba a kula da ita, yoyo kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da aka matsa. Masana'anta ke nan, mai rufi da bango da bututu a jere. Mahaƙa kuwa bututunta ya kai kilomitoci, dutse na faɗo masa, ruwa na cin sa, ana kwance shi ana ƙara shi kullum.

Ban taɓa komai ba tukuna. Mun ɗaura na'urorin ɗaukar bayanai a kan kowane inji: kilowat, gudun iska, matsi, duk minti biyu, har mako huɗu. Na bi tsarin ƙa'idar ISO 11011 ta 2013, wadda ta raba lamarin gida uku, inda ake matsa iska, hanyar da take bi, da inda ake shan ta. Na kuma roƙi ofishin haƙa su riƙa ba ni adadin injinan huda da suka yi aiki kowace rana da tan na dutse. In ba haka ba, ranar da wuta ta ragu wani zai ce ai aiki ne ya ragu, kuma ba ni da abin kare kaina.

4 ga Fabrairu

Kwana uku ina ƙasa. Na sauka da na'urar gano yoyo mai jin sautin da kunne ba ya ji, na hau da ita ban kunna ba. Yoyon da ke nan ba ya bukatar na'ura, daga nesa kake jin sa kamar tsakin maciji, wani wurin sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Na yi lissafi a bayan littafina don in nuna wa mutane. A bar 6, huda mai faɗin milimita 3 tana iya zubar da kusan lita 10 a daƙiƙa. Milimita 10 kuwa kusan lita 100, domin girman bakin gaba ɗaya ne ke ninkuwa, ba faɗinsa kaɗai ba. Lita 100 a daƙiƙa mita kubik 6 ke nan a minti, kuma matsa wannan na cin wajen kilowat 40 a sama, dare da rana, har da Lahadi. Ramin da ƙaramin yatsa zai toshe.

Amma ba robar haɗi da ta mutu ko bawul mai tsatsa ne suka fi damuna ba. A wurare da dama na tarar da tiyo mai milimita 25 a buɗe, an ɗaure shi da waya a jikin ƙarfen tokara, yana feso iska a kan wurin zama. Wannan ba lalacewa ba ce, mutum ne ya buɗe da hannunsa.

Na samu shugaban masu huda na wannan ɓangaren, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan tiyon fa?" Bai ce komai ba, ya kama hannuna ya ja ni gaba har ƙurewar ramin, ya ce in tsaya minti biyar. Ban kai uku ba rigata ta jiƙe sharkaf. Bututun fanka mai kawo iskar shaƙa ya tsaya can baya, an ci gaba da haƙa ba a ƙara shi ba. Ya ce, "To ɗana, rufe tiyon in ka ga dama. Kafin ka kai bakin rijiya an buɗe."

Gaskiya ya faɗa. Abin mamakin ma, iskar tiyon ba wani sanyi ne da ita ba: in ta fito ta buɗaɗɗen baki, zafinta ba ya raguwa fiye da digiri ɗaya ko biyu. Kaɗawarta ce ke busar da gumi. Aikin da ƙaramar fanka za ta yi da 'yan kilowat, muna yin sa da fiye da ɗari. Na rubuta wa sashen iskar shaƙa a daren, da sunan kowane rami da tsawon bututun da ya rage.

18 ga Fabrairu

Mako biyu fitoci suna ɗaure haɗi, suna canza roba, suna walda. An ƙara bututun fanka a ramuka huɗu, kuma a cikinsu tiyo bai sake buɗewa ba. Mitar gudun iska da ke saukowa rijiya ta nuna ragi a fili. Na tafi da murnata wajen mitar lantarki.

Haƙa ba ta cimma ruwa ba. Wutar tana nan inda take.

Da na fita bayan ɗakin sai na ji dalilin da kunnena: bawul ɗin fitar da rara yana ta huci. Irin waɗannan injina suna da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. A bakin shiga akwai fikafikai da ke karkata su rage iskar da inji ke zuƙa, amma ragin da suke iya yi bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. In aka matsa ƙasa da haka, iska kan juyo da baya ta cikin farfela, injin ya kama tari yana girgiza, kuma hakan na iya karya shi. Don kare kansa sai ya ci gaba da matsa iskar da ba a bukata, ya buɗe bawul ya watsar da ita sama. Wato yoyon da muka toshe a ƙasa mun mai da shi sama ne kawai, an gudu ba a tsira ba.

Da na san haka a watan jiya da na fara ta wani wuri. Iskar da aka ceto ba ta zama ragin wuta sai ta kai yawan da za a kashe inji guda ɗungurungum. Ƙasa da haka wahala ce kawai. Yanzu dai na san abin da nake nema: a rage bukata har injina biyu su iya riƙe mahaƙar na wasu sa'o'i kowace rana.

3 ga Maris

Bayanan mako huɗu sun fito, kuma zanen ya yi daidai da yadda mahaƙa ke numfashi. Da safe zuwa azahar ana huda, bukata na sama. Da yamma a kwashe mutane a tashi nakiya, a bar hayaƙi ya fita, sa'o'i ba kowa a wurin aiki. Da dare a kwashe dutse, bukata tsaka-tsaki. Amma matsin da muke bayarwa ɗaya ne daga safe har safe, kamar ana huda kullum.

Rage matsi na biya ta hanya biyu. Ƙididdigar da aka saba da ita ita ce kowane bar 1 da aka sauke yana rage wa inji wajen kashi 7 cikin 100 na wuta. Ta biyun ta fi mini amfani: iskar da ke fita ta huda tana tafiya ne da cikakken matsi, wato na geji a haɗa da bar 1 na sarari. In na sauke geji daga 6 zuwa 4.5, cikakken matsi ya tashi daga 7 ya koma 5.5, duk wani yoyo a mahaƙar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, har da wanda ban gano ba, ba tare da an taɓa sifana ba.

Akwai kuma kyautar da zurfi ke bayarwa. Iskar da aka matsa tana da nauyi, wajen kilo 8 a mita kubik a wannan matsin, don haka tana danna kanta yayin sauka. Kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara kusan bar 0.7 a geji, in bututu bai cinye shi ba. A mahaƙa irin Mponeng ta Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tamu ba ta kai can ba, amma matakan ƙasa suna samun fiye da bukatarsu, na sama ne ke kuka.

12 ga Maris

Zaman da manajan haƙa bai yi daɗi ba. Da na ambaci rage matsi sai ya ture takardar. Ya ce masu huda a ɓangaren yamma kullum ƙorafi suke iska ba ta da ƙarfi, shi ƙari ma yake nema. Ban ga laifinsa ba. Injin huda na son wajen bar 5 a bakinsa, in matsi ya faɗi hudar ta yi nawa, ramukan nakiya ba su cika ba, an rasa tashi ɗaya, kuma shi za a tambaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu da geji uku." Na sa ɗaya a tashar matakin, ɗaya a tsakiyar hanya, ɗaya a bakin aiki. A tasha matsi lafiya lau. Tsakanin geji na biyu da na uku ne ya zube. Mun bi bututun, sai ga wani dogon yanki da aka taɓa gyarawa da mai milimita 150 a tsakiyar layin milimita 200, wai na wucin gadi. Asarar matsi a bututu tana hawa da sauri ƙwarai in ya tsuke: wannan ragin da ido ke rainawa ya ninka asarar yankin fiye da sau huɗu. A ƙarshensa kuma an jona tiyo kan tiyo maimakon a matso da bututu.

Saboda wannan yanki guda ake ɗaga matsin mahaƙa gaba ɗaya shekara da shekaru. Manajan ya sa hannu a canza shi. Kan rage matsi da yamma ya ce sai ya gani.

27 ga Maris

Kuskure na yi, kuma zan rubuta shi yadda ya faru.

An canza bututun yamma, ƙorafi ya lafa, aka ba ni izinin gwaji. Mun sa bawul mai sarrafa kansa a bakin matakai biyu, yana rage matsi bayan an kwashe mutane. A daren farko na gwajin mai duba lafiyar aiki ya kira ni: ɗakin mafaka ɗaya a matakin ƙasa iskarsa ta yi rauni. Ɗakin mafaka yana bukatar iska ta riƙa shiga ba yankewa, don matsin ciki ya fi na waje, hayaƙi ya kasa kutsowa. A zanen da na yi aiki da shi, layin ɗakin ya fita ne kafin bawul. A zahiri wani ya taɓa mai da shi bayan bawul ba a gyara zanen ba, ni kuma ban bi layin da ƙafata ba.

Ba a samu gobara ba, ba wanda ya ji ciwo, Allah ya tsare. Mun buɗe bawulolin a daren, gwaji ya tsaya. Sharuɗɗa uku na rubuta wa kaina kafin a ci gaba: kowane ɗakin mafaka sai na bi layinsa da idona, kowanne a sa masa geji mai aika ƙararrawa sama, kowane bawul kuma ya zama irin wanda ke buɗewa da kansa in wuta ko siginar ta yanke. Wannan ya ci mini mako biyu, ban yi gardama da kowa a kai ba.

14 ga Afrilu

Yau da yamma, bayan tashin nakiya, muka kashe inji na uku.

Mai kula da injinan bai so ba, kuma tsoronsa na da tushe. Babban injin lantarkin da ke juya kwamfaresa yana jan wuta mai yawa wajen tashi, yana ɗaukar zafi, akwai iyakar sau nawa za a tayar da shi a jere. In aka kashe, matsi ya faɗi, aka zo tayarwa ya ƙi, shi za a kira da tsakar dare. Na ce masa ina nan har safe, in wani abu ya faru sunana ne a littafi.

Injina biyu suka buɗe fikafikansu suka ɗauki nauyin. Bawul ɗin rara ya yi tsit, karo na farko tun da na zo. Mitar lantarki ta sauka a gaban idonmu. Mun bar shi a kashe har aka fara sauke masu aikin dare. Sa'o'in sun kuma faɗo daidai lokacin da kamfanin wuta ke caji mafi tsada, wanda ya sa ofishin kuɗi suka fara amsa gaisuwata.

6 ga Mayu

Ƙananan ayyuka a sama. An buɗe na'urorin sanyayawa na inji biyu, bututunsu ya yi ɓawo, an wanke. Iskar da ta shiga hawa na gaba da zafi ta fi wuyar matsawa, don haka dattin nan wuta yake ci a ɓoye. An canza matatun bakin shiga. An kuma samu magudanai guda uku na fitar da ruwan da ke taruwa cikin iskar, da aka bari a buɗe da gangan saboda masu buɗe kansu sun toshe, suna zubar da iska fiye da ruwa.

Ina kallon ɓawon sai na tuna kwamfaresar Ragged Chute da ke kusa da garin Cobalt a Kanada, wadda ta fara aiki a 1910. Ruwan kogi ne ke faɗawa rijiya da kumfar iska a cikinsa, nauyin ruwan ya matsa iskar yana kuma shanye zafinta a lokaci guda, ba farfela, ba injin lantarki. Ta ciyar da mahaƙun azurfa na yankin shekaru masu yawa. Mu da ba mu da kogi sai mu wanke bututu.

21 ga Mayu

Tsugune ba ta ƙare ba. Gudun iskar dare ya fara hawa a hankali, mako bayan mako, har sau biyu a makon jiya aka tayar da inji na uku kafin lokaci. Yoyo ya dawo. Ba abin mamaki ba ne, kowace nakiya na girgiza haɗi, kowace rana ana jan tiyo a kan dutse. Ni ne na ɗauki gyaran Fabrairu kamar aikin da ake yi sau ɗaya.

Mun gano kuma tsoffin ramuka biyu da aka daina aiki a cikinsu tuntuni, amma bututunsu na cike da iska har yau, ba mai shiga balle ya ji yoyo. An toshe su daga bakin reshe da farantin ƙarfe. Wannan aikin rabin wuni ya fi mako guda na canza roba.

Abin da na fara yanzu: kowace Litinin ina liƙa takarda a tashar rijiya, gudun iskar kowane mataki a daren Lahadi, a jere daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ban rubuta sunan kowa ba, lambar mataki kawai. Kowa dai ya san nasa. Baba ya tsaya ya karanta, ya ga nasa ne na biyu daga ƙasa, ya ce, "Ɗana, na ƙasa da ni ɗin nan ai rabin ramukansa a rufe suke."

9 ga Yuni

Inda muke: inji na uku yana kashe kowace yamma da dukan Lahadi. Da dare har yanzu bukata ta ɗan fi ƙarfin biyu, ta kuma gaza cika uku, don haka bawul ɗin rara yana huci daga tsakar dare zuwa asuba. Na rubuta takardar neman ƙaramar kwamfaresa mai canza gudu da za ta cike wannan giɓin, an ce a jira kasafi.

Kafin nan ina kallon tankunan laka. Suna shan iska mai bar 6 don aikin da matsin da ya ɗan fi nauyin lakar da ke kansu zai yi, kuma ba sa hutawa. Ruwa mai zurfin mita 10 bar 1 ne kawai, laka ta ɗan fi haka. In aka ba su injin hura iska nasu mai ƙaramin matsi aka cire su daga babban layi, ina zaton dare zai koma hannun injina biyu ba tare da an sayi komai babba ba. Zato ne, ban auna ba.

Ban fitar da adadin ragin a rahoto ba tukuna. An buɗe sabon wurin huda a watan Mayu, injinan huda sun ƙaru, sai an daidaita ma'aunin Janairu da wannan kafin kwatancin ya yi adalci. Mai binciken da ba na cikinmu ba zai zo ƙarshen wata ya duba lissafin.

Lahadi mai zuwa zan rufe layin tankunan na awa ɗaya in ga nawa mitar za ta sauka. Mai kula da tankunan ya ce in lakar ta kwanta ni zan shiga da shebur. Mun daidaita a kan minti 40.